Takardun Halliru Sun Yi Magana Kafin Ya Tafi

Mai abu Ya karɓi abinSa, mu kuma mun sallama. A ranar Alhamis, 16 ga watan Zulhajji 1446, daidai da 12 ga Yunin 2025, da hantsi, Allah Ya ɗauki ran ƙanena Halliru Iliyasu a gidanmu na gado da ke Wurno, bayan doguwar jinya ta ciwon ƙoda. Ya rasu yana da shekara arba'in da ɗaya. An yi masa sutura bayan sallar azahar. Ya bar matarsa Malama Rahama, da 'ya'ya biyu, Kausar da Siddiq, da ni yayarsa Khairiyya, wadda ta goya shi a baya yana jinjiri, yau kuma take zaune tana rubuta masa ta'aziyya.

Na lura masu zuwa gaisuwa suna satar kallona. Sun san irin shaƙuwar da ke tsakaninmu, sun zaci za su same ni a kwance. Na yi kuka, ba zan ce ban yi ba. Amma abin da ya fi yawa a ƙirjina tun ranar nan shi ne wani sauƙi, irin wanda mutum yake ji idan ya sauke kaya bayan doguwar tafiya. Ina so in faɗi dalilinsa, don kada a ɗauka ƙarfin hali ne ko taurin zuciya.

Halliru, da kai zan yi maganar, kamar yadda muka saba.

Ka yi karatun kwamfuta mai zurfi a Sakkwato, kuma da ka so da ka zauna a birni. Sai ka zaɓi koyarwa a wata makarantar sakandare a Goronyo, inda matarka ma take koyar da darasin kwamfuta, ka keɓe ɗaki guda a gidanka ka cika shi da na'urori. Ranar kasuwa ƙofar ɗakin nan ba ta rabuwa da mutane. Masu albasa da masu wake suna gama ciniki su biyo da wayoyinsu da suka ƙi tashi. Ba sana'arka ba ce gyaran waya, amma ban taɓa jin ka kori kowa ba. Ina tuna wata baiwar Allah daga Dinawa da ta zo da waya a ƙulle cikin gefen zane, fuskar wayar ta farfashe, ta ce hoton mijinta marigayi yana ciki, kuma shi ke nan hotonsa a duniya. Ka yi kwanaki kana fama da wayar. Da hoton ya fito ka buga mata shi babba, ka rufe shi da leda mai kauri, ka hau babur ka kai mata har gida, don kada ta sake biyan wahalar hanya. Ba kai ka ba ni labarin ba. Ita ta ba ni, ranar zaman makokinka.

Abin da ya juya rayuwarka ya faru ne bayan rasuwar mahaifiyarmu, Inna Kyauta. A shekarunta na ƙarshe ka riƙa ɗaukar muryarta a waya: labarin danginta, waƙoƙin niƙa da ta koya wurin kakarta, addu'o'in da take yi wa jikoki ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Duk ka tara a memori guda. Bayan an share makoki muka taru a tsakar gida za mu saurara, aka sa memorin, ya ƙi buɗewa. Ka gwada a wata wayar, ka gwada a kwamfuta. Ka kai shi wurin masana har Kano. Babu abin da ya dawo. Kai da ka ceto wa mutane hotunansu, muryar uwarka ta ɓace a hannunka, ba tare da wuta ko ruwa ko ɓarawo ya taɓa ta ba.

Bayan wannan ne na same ka wata rana a zauren Baba, ka sauko da gafakar kakanmu, ka baje littattafansa na rubutun hannu a kan buzu. Takardun sun yi ja, gefunansu sun gutsure, amma kowane harafi yana nan.

Ka ce, "Yaya, dubi wanga. Ya hi shekara ɗari, ba shi son caji, ba shi son sabis. Nawa ko shekara biyar bai yi ba."

Na ce, "To ai murya ba ta shiga takarda."

Ka ɗago ka dube ni, ka ce, "Wa yac ce?"

Daga nan aikin ya fara. Ni ungozoma ce, ba fannina ba ne, amma ka yi mini bayani sau da yawa har na riƙe. Ka ce duk abin da ke cikin kwamfuta, murya ne ko hoto, a ƙarshe jerin amsoshi biyu ne kawai, i da a'a. Idan aka sa ɗigon baƙi ya tsaya a madadin ɗaya, farin gurbi ya tsaya a madadin ɗayan, to ana iya buga su a takarda. Ɗige-ɗigen ƙanana ne ƙwarai, sun fi tsabar gero ƙanƙanta nesa ba kusa ba, suna cika shafi tun daga sama har ƙasa. Ido ba ya karanta su. Sai an ɗauki hoton shafin da sikana, wata manhaja ta mayar da ɗige-ɗigen murya ko hoto kamar yadda suke tun farko. Shafi guda yana ɗaukar hira mai tsawo.

Ba ka taɓa cewa kai ka ƙirƙiro wannan ba. Kullum kana faɗin cewa akwai masu bincike a wasu ƙasashe da ke kan aikin, wasu da launuka, wasu da tawada ta musamman, suna fatan wata rana takarda guda ta ɗauki abin da kabad na littattafai ke ɗauka. Naka burin ya fi wannan kusa da ƙasa. Kana so ya yi aiki da firinta irin ta shagunan kasuwa, da takarda irin wadda kowa ke iya samu, kuma ya jure zafinmu da gararmu. Shi ya sa ka tsara shi yadda kowace magana take warwatse a wurare da yawa cikin shafin, ta yadda ko wani gefe ya lalace, sauran za su cike gurbin. Ka shanya wasu shafuka a kan kwano cikin rana. Ka sa wasu a rumbu. Ka ɗiga wa wasu miyar kuka da gangan, Rahama tana faɗa. Akuyar maƙwabta ta cinye guda, ka zo kana dariya ka ce mini wannan matsalar kam ilimi bai kai gare ta ba tukuna.

Mutane sun yi maka dariya, ciki har da ni. Ƙanwar mahaifiyarmu, Inna Indo, da ke aure a Tursa, da ta ga shafin farko sai ta juya shi sama da ƙasa, ta ce ita kashin ƙuda kawai take gani. Sunan ya bi takardun. Ba ka ji haushi ba. Kai ma da shi kake kiransu.

Mahaifiyarmu 'yar Tungar Zayyanu ce, wata 'yar ƙaramar tunga a gefen Shinaka. A can akwai ƙanen kakanmu na wajen uwa, Baba Ƙasimu, wanda ya fi kowa tsufa a tungar, kuma shi ne ya san iyakar kowace gona. Idan aka yi saɓani, shi ake ɗauka a kai shi wurin, ya nuna da sandarsa, magana ta ƙare. A ranin 2021, lokacin da hare-haren 'yan bindiga suka fara matsowa, har wasu gidaje suka fara kwashe mata da yara, ka shirya ka tafi wurinsa. Na hana ka, ka ƙi.

Kai ka ba ni labarin yadda kuka yi. Tsohon ya dube ka da wasan jika da kaka, ya ce, "Mi za ka yi da muryata, ɗan Kyauta? Matata ka so ka ƙwace, yanzu kuma murya?"

Ka ce, "Aje ta za ni yi, Baba."

"Ina?"

"Cikin takarda."

Ya ce, "In takarda ta, na yarda. Amma kada ka sa ni cikin iska duniya ta riƙa saurare na. Zancen gonakinmu zancen gida na."

Ka yi masa alkawari ba za ka ɗora a intanet ba, kuma ka cika. Aka ɗora shi a kan jaki, kana biye da shi a ƙasa da na'urar ɗaukar murya da kyamara, kuka zagaye gonakin tungar kaf cikin 'yan kwanaki. Da ka dawo ka buga komai kashi uku. Ɗaya ka ajiye a ɗakin aikinka a Goronyo. Ɗaya ka kai wa limamin tungar. Ɗaya ka kai Tursa, ka danƙa wa Inna Indo.

Kafin shekarar ta ƙare aka afka wa tungar. Ba zan buɗe wannan ciwon a nan ba, waɗanda abin ya shafa suna raye, kuma za su karanta. An rasa rayuka, an ƙone rumbuna da gidaje, har da ɗakin liman da abin da ke cikinsa. A lokacin an katse layukan waya a yankinmu, sai da waɗanda suka tsira suka iso Goronyo a ƙafa muka san abin da ya faru. Gidanka ya cika da dangin Inna. Ka bar musu ɗakunan, kai da Siddiq kuna kwana a ɗakin na'urori. Baba Ƙasimu bai daɗe ba a gudun hijira. Ya rasu a gidanka, yana tambayar ko an yi shuka a gida.

Sai ciwo ya same ka. Ƙafafu suka fara kumbura, aka ce ƙoda ce. Aka shiga zirga-zirgar wankin ƙoda zuwa Sakkwato, mako bayan mako, a kan hanyar da lafiyayye ma yake jin ta a jikinsa. Na ga yadda ƙanena mai faɗin kafaɗa ya koma kamar kara. Ana cikin haka, a daminar bara, kuna asibiti aka yi ruwa mai ƙarfi, ɗakin aikinka na ƙasa ya rufta. Kwamfutar, da ma'ajiyarta, da firintar, da takardun, duk suka kwana cikin laka da ruwa. Babu abin da aka fitar mai amfani. Da aka gaya maka ba ka ce komai ba sai "Allah Ya sa haka ne mafi alheri." Amma daga ranar ka daina zancen aikin, kuma wannan shirun ya fi kumburin ƙafarka tayar mini da hankali. Muka dawo da kai gida Wurno, don jinyar ta fi sauƙi a cikin dangi.

A ranin bana aka samu ɗan sauƙin tsaro a wajen, mutanen tunga suka fara komawa. Abin da suka tarar ba shi suka bari ba. Itatuwan da ake gane iyaka da su an sare su an yi gawayi. Gambar da ke raba gona da gona ta ƙone, iska ta share kunyoyi, fili ya zama shimfiɗa guda. Yawanci sun daidaita a tsakaninsu da haƙuri. Amma rigima ta tashi tsakanin Isa da Sa'adu, 'ya'yan kawunnanmu biyu, a kan gonar da ke kusa da tsohuwar rijiya, wadda ta fi kowace albarka. Iyayensu duka sun rasu. Kowannensu ya rantse a kan inda ubansa yake tsayar da garma, kuma na yi imani kowannensu gaskiyar abin da ya tuna yake faɗi. Mutanen da suka sha wuyar hijira tare, suka ci a kwano guda a gidanka, sai ga su sun rabu gida biyu. Har ta kai Isa ya ɗaga sanda ya fasa wa Sa'adu goshi. Mai gari ya hana kowa taɓa gonar, da ma waɗanda ke maƙwabtaka da ita, sai an samu shaida. Ga damina ta ƙarato. Ga mutane sun yi shekaru ba su ci noman hannunsu ba.

Na je da kaina na roƙe su, a matsayina na babba. Sun saurare ni da ladabi, suka raka ni bakin hanya, kowa ya koma kan bakansa. Na dawo na ƙudura ba zan gaya maka ba, saboda likita ya ce a raba ka da damuwa. Amma gidan gado ba ya riƙe magana. Da na shigo da ruwan alwalarka sai ka ce, "Yaya, ki tai Tursa."

Na ce, "Halliru, na'urar da ke karanta takardun ta mutu cikin laka."

Ka ce, "Na'ura ta mutu. Ki dai tai."

Na tafi ba don na yarda ba, sai don kada in saɓa wa marar lafiya. Inna Indo ta jawo akwatinta na ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta kwashe zannuwan da ke sama, ta fito da ƙunshin a naɗe cikin tsohon zane, da busasshen ganyen dogon yaro a tsakani don ƙwari. Muka kwance shi. Kwalbar man shanu ta taɓa tsiyaya a akwatin, ta jiƙa kusurwar shafuka da yawa. Wani abu kuma ya gaigaye gefe guda.

Ta ce, "Ga kashin ƙudanku nan. Ni dai amana anka ba ni, na aje. In ya yi magana ku aiko a gaya min."

Abin da ban sani ba sai ranar shi ne, shafukan farko na ƙunshin ba ɗige-ɗige ba ne. Rubutu ne na haruffa da ido ke karantawa. Ka buga manhajar kanta a nan, layi bayan layi, tare da bayanin yadda za a sake gina ta, don ko kwamfutarka ta ɓace, ko kai ka ɓace, wanda ya san aikin ya iya tayar da ita. Ashe tun kana da lafiya ka yi shirin rashinka.

Rahama ta aro kwamfuta da sikana a wurin wata abokiyar aikinta. A cikin zafin bazarar nan da ko numfashi yake wuya, ta zauna a gefen tabarmarka a ƙarƙashin rumfa, tana kwafe layukan da hannunta, batirin sola yana gefe. Idanunka sun riga sun raunana, sai ta karanta maka da baki, kai kuma ka ce daidai ne, ko ka ce ta sake dubawa. Wani lokaci barci ya ɗauke ka a tsakiyar layi, ta jira ka farka. Ina so duk wanda ya karanta wannan ya san cewa aikin nan na mutum biyu ne tun farkonsa, kuma a ƙarshensa hannunta ne ya ɗauke shi.

Da ta gama aka gwada, abin da ya fito ƙara ce kawai, kamar ruwan sama a kan kwano. Aka sake, haka. Kwana ya bi kwana. A wannan makon ne likita ya kira ni gefe ya ce jikinka ya daina karɓar wankin, mu yi ta addu'a. Ban taɓa jin tsoro irin na waɗannan kwanaki ba. Mutuwarka na riga na fara sallamawa da ita. Abin da na kasa ɗauka shi ne ka tafi kana ganin aikin rayuwarka ya tashi a banza, 'yan'uwanka kuma suna shirin zubar da jinin juna. Ina kallonka kana kallon takardun nan.

Rahama ce ta gano matsalar. Ta koma farko tana bin rubutun da yatsa, sai ta ga wani wuri da man ya ɓata tawada, ta karanta sifiri a inda harafi yake. Ta gyara. Bayan la'asar ne, ina tankaɗe a tsakar gida. Sai na ji tari. Tarin tsoho, wanda na sani tun ina yarinya. Sai takun jaki a kan busasshiyar ƙasa. Sai murya ta ce, "Bisimillahi. To ɗan Kyauta, buɗe kunnenka."

Rariyar ta faɗi daga hannuna. Na iso rumfar na same ka ka rufe ido, hawaye yana bin gefen fuskarka yana shiga kunne. Can cikin maganar tsohon ya yi wani barkwanci, sai muka ji dariyarka, dariyar mai lafiya, mai cika wuri, wadda muka yi shekara biyu ba mu ji ba. Kausar ta ce, "Baba, kai ne!" Ka ce, "Ni na, lokacin ina da ƙarhi." Shafukan da man ya taɓa ma sun buɗe. Kaɗan ne daga waɗanda aka gaigaye sosai suka ƙi, kuma ba su shafi gonar rijiya ba.

Ni da Rahama muka ɗauki kwamfutar zuwa tungar, da izinin mai gari. Aka taru a gaban masallacin da suka sake ginawa, aka sa lasifika. Tun kafin a fara Isa ya miƙe ya ce, "Ku gahwarce ni, Yaya. Na'ura ana iya sa ta ta hwaɗi abin da anka so." Ban ga laifinsa ba. Mai gari ya ce a saurara tukuna.

Da muryar ta tashi, mata suka fara salati, wasu suka rufe fuska da mayafi. Baba Ƙasimu ya bi gonaki ɗaya bayan ɗaya, har ya iso ta rijiya. A nan ya faɗi abin da babu wanda ya sani a cikin masu rai. Ya ce ranar da aka raba gonar tsakanin kawunnanmu, yana wurin, kuma yayansa, wato kakanmu, bai yarda da itace ko ciyawa su zama shaida ba. Ya fasa tsohon dutsen niƙa, ya binne gutsattsarin a kusurwoyin iyakar, zurfin kamu guda. Ya faɗi inda kowanne yake, daga bakin rijiya zuwa suri, daga suri zuwa gabas. Hotunan da ka ɗauka sun nuna inda ya dasa sandarsa a kowane wuri, kuma rijiyar da surin suna nan ba su gusa ba.

Aka ɗauki fartanya da shebur aka tafi, tunga duka tana biye. A wuri na farko aka yi ta haƙa ba a ga komai ba, har aka fara gunaguni. Aka matsa kaɗan, sai ƙarfe ya daki dutse. Aka fito da shi, ga gefensa mai santsi inda aka yi shekaru ana niƙa. Sauran ma aka same su. Iyakar ba ta bi inda Isa ya ce ba, ba ta kuma bi inda Sa'adu ya ce ba. Ta ratsa tsakani a karkace, kowa ya samu, kowa ya rasa.

Muka koma gaban masallaci, don Rahama ta ce maganar ba ta ƙare ba. Tsohon ya yi tari, ya ce, "Isa, Sa'adu. Na san ku tun kuna tsirara, ku biyu dut kuna da zahin kai. In kun ji wagga magana, to ba ni duniya. Ƙasa ba ta ƙarewa, ku ka ƙarewa. Kada ku ba ni kunya gaban iyayenku."

Isa ne ya fara tashi. Ya je ya durƙusa a gaban Sa'adu, ya kai hannu ya taɓa tabon da ke goshinsa. Sa'adu ya kama hannun ya tashe shi.

Mun iso Wurno kafin magariba. Na zauna a gefenka na ba ka labari tun daga farko, ka sa na maimaita wurin da shebur ya daki dutse. Ka yi ajiyar zuciya mai tsawo, ka ce, "Alhamdu lillahi." Sannan ka ce, "Yaya, akwai hura?" Ka yi makonni ba ka nemi abinci da bakinka ba. Na dama maka da kaina, ka sha 'yan ludaya, ka yi barcin da ban ga ka yi irinsa ba tun farkon ciwon. Washegari ka tuna mini in aika Tursa a gaya wa Inna Indo kashin ƙudan ya yi magana.

Ka ga Babbar Sallah. Bayanta aka yi ruwan shuka, Isa da Sa'adu suka zo gaishe ka a kan babur guda, ƙafafunsu duk laka, suka ce an shuka gonar rijiya da duk na kewayenta. Ka tsokane su ka ce wa ya tuƙa, wa ya yarda ya zauna a baya. Kwanakin da suka rage ka yi su ne cikin natsuwa. Ka yi wa Rahama bayanin abin da kake so a gyara a aikin, ka ce kada ta bari a ɗauke shi abin al'ajabi, ilimi ne, a koyar da shi ga duk mai so. Ka nemi gafarar kowa. Ranar Alhamis da hantsi, kanka a kan cinyata, kalmar shahada a bakinka, numfashin ya tsaya a hankali, ba tare da wahalar da muka yi ta jin tsoro ba. Isa da Sa'adu ne suka shiga gaba wajen haƙa kabarinka, ba wanda ya sa su.

Wannan shi ne dalilin sauƙin da ake gani a fuskata. Ciwon ya sake ka. Ba ka tafi da baƙin ciki ba. Dangin mahaifiyarmu suna gaisawa.

Ya Allah, ga bawanKa Halliru ya zo gare Ka, ba shi da kowa sai Kai. Ka gafarta masa abin da muka sani da abin da ba mu sani ba. Ka sa ciwon da ya sha ya zame masa kankarar zunubi. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka tabbatar da harshensa wurin tambaya. Ka sa sulhun da aka yi ta dalilinsa, da duk abin da za a ci daga gonakin nan, su shiga mizaninsa. Ka haɗa shi da iyayenmu da Baba Ƙasimu a Aljannar Firdausi. Ka jiƙan waɗanda aka kashe a Tungar Zayyanu da sauran garuruwanmu, Ka dawo mana da zaman lafiya mai ɗorewa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Rahama. Ƙanwata, kin yi jinya, kin yi aiki, kin yi haƙurin da ba kowa zai iya ba. Allah Ya saka miki da mafificin alheri, Ya ƙarfafa hannunki a kan abin da ya bar miki. Kausar da Siddiq, Allah Ya raya ku, Ya yi muku albarka, gidana gidanku ne. Ina yi wa Inna Indo ta'aziyya, da mutanen Tungar Zayyanu baki ɗaya, da abokan aikinsa da ɗalibansa na Goronyo, da duk waɗanda suka taso daga Rabah da Dinawa da Shinaka da Sakkwato don su tsaya a sahunsa. Allah Ya ba da ladan zumunci, Ya mayar da kowa gida lafiya. Wanda Halliru ya ɓata wa rai, ina roƙonsa ya yafe masa don Allah.

Mu da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen, Ya ba mu ikon kammala abin da ke hannunmu kafin a kira mu.

Ka gaji, ƙanena, kuma ka gama. Allah Ya hutar da kai.